Kowane Gida da Irin Karensa

Rannan, bayan an tashi daga lakwal, wani ɗalibina ya tare ni a bakin ƙofar aji. Ya ce, "Malam, karyar maƙwabtanmu ta haihu, an ce za a ba ni ɗa guda. Akwai wani ja mai kyau ƙwarai. Shi zan ɗauka, ko?"

Na ce masa, "Kafin ka dubi kare, fara duban gidanku tukuna."

Yaron ya yi tsuru, bai gane abin da nake nufi ba. Sai na zaunar da shi, na ba shi labarin karnukana biyu, Iska da Duna. Ga labarin na rubuta muku ku duka, don na san a cikinku akwai masu sha'awar kare da yawa.

Yadda na samu Iska

Da na fito daga makarantar horar da malamai, sai aka tura ni arewa, wani ƙauye na ƙasar Abalak, cikin jihar Tawa. Ni kuwa haihuwar kudu ne, ƙasar noma. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ko'ina ka duba sai ciyawa da rairayi da ƴan itatuwa jefi-jefi. Wannan yanki shi ake kira Azawak. Ya taso daga ƙasarmu ya shiga har cikin Mali. Kun san shanun Azawak, jajayen nan masu yawan nono. To, akwai kuma karen Azawak. Sunansu ɗaya ne don ƙasarsu ɗaya ce.

Ran da na fara ganin irin wannan kare, na zaci yunwa ce ta kama shi. Haƙarƙarinsa a fili, har kana iya ƙirgawa. Cikinsa a ɗame, ƙafafunsa dogaye, ƙirjinsa mai zurfi, kansa siriri, gashinsa gajere kamar an aske. Na tambayi mai shi, na ce, "Ba ku ba shi abinci ne?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, haka Allah ya yi shi. Ran da ya yi ƙiba, ran nan ya lalace."

Daga baya na gane gaskiyarsa. Namijin karen Azawak, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 64 zuwa 74, amma nauyinsa kilo 20 ne zuwa 25 kawai. Macen ba ta kai shi ba. Jikinsa duka na gudu ne. In ya miƙe, yakan yi wajen kilomita 60 a awa guda, wato kamar mota a kan hanyar ƙasa. Makiyaya suna ba shi nono da fura. Da rana ya kwanta a inuwa, da dare ya tashi gadi. Dila ba ta isa ta kusanci ƴan awaki ba in yana nan. Yana kama zomo. A da can har barewa ake farauta da shi, amma yanzu barewa ta yi ƙaranci, doka kuma ta tsare ta.

Akwai wani ɗalibina, ɗan makiyaya, da ya yi jinya wata biyu. Kullum da marece nakan je zangonsu in koya masa abin da aka yi a aji, don kada a bar shi a baya. Da ya warke, sai ga ubansa ya zo mini da ɗan kwikwiyo a cikin rigarsa. Launinsa kamar rairayi, ƙafafunsa huɗu farare kamar ya sa safa. Mutumin ya ce mini su ba su kai irin wannan kare kasuwa, sai dai su yi kyauta da shi ga wanda suke ganin girmansa. Na tambaye shi yadda suke kiransa da harshen Tamajak. Ya ce, "Oska." Ni kuwa kunnena na Bahaushe ya ji "iska". Shi ke nan, suna ya zauna.

Shekara biyu muka yi tare da Iska a ƙauyen nan, ban taɓa jin wani ya yi kuka da shi ba. In an tashi daga lakwal sai mu fita daji. Ni ina tafiya, shi yana zagaya ni da gudu, ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa. In ya gaji sai ya zo ya kwanta a bakin ɗakina. Baƙo ba ya samun fuska a wurinsa, amma ba ya cizo, sai dai ya tsaya nesa yana haushi har in fito. Na ce a raina, lalle babu karen da ya fi wannan a duniya.

Iska a cikin birni

Ana nan, sai takarda ta zo, an mai da ni Maraɗi. Na je yin ban kwana da mutumin da ya ba ni kare. Ya dube ni, ya dubi Iska, ya ce, "Malam, gidan da za ka, yana da katanga?"

Na ce, "I, mana. Gidan birni ai sai da katanga."

Ya ce, "To, bar mini shi nan. Duk lokacin da ka zo, naka ne."

Ban ji maganarsa ba. Ina son karen, ina kuma son mutanen birni su gan ni da shi. Wannan na biyun shi ya fi ƙarfi a zuciyata, ko da yake a lokacin ban yarda ba.

A Maraɗi na yi aure, muka kama haya. Ɗaki biyu ne da ƴar tsakar gida, taki goma a tsaye, taki takwas a kwance. Dama da hagu duk maƙwabta ne, da kajinsu da awakinsu da ƴaƴansu. Ni kuwa ina lakwal safe da marece, da dare ina gyaran littattafan ɗalibai. Ba ni da lokacin fita da kare. Ko da ina da shi, ina filin yake?

Satin farko Iska ya yi ta zagaya tsakar gida kamar mai neman abin da ya ɓace. Sati na biyu ya fara kuka da dare, ya hana unguwa barci. Daga nan ya shiga tonon gindin katanga. Da na toshe ramin, sai ya gano ashe katangar ba ta fi ƙarfin ƙafafunsa ba. Wata safiya ya tsallaka gidan wata tsohuwa, ya kashe mata kaji uku. Bai ci ko ɗaya ba. Ya ga abu yana gudu ne kawai, ya bi. Na je na ba ta haƙuri, na biya kuɗin kaji. Ta karɓa, ta ce, "Ɗana, kuɗi dai na karɓa, amma ƙwan da suke yi mini fa?" Ban sami amsa ba.

A cikin gida ma ba daɗi. Mai kawo mana ruwa ya ce shi ya daina shiga, sai dai ya ajiye a ƙofa. Ƙawayen matata suka ɗauke ƙafa. In ta manta da kwano a ƙasa, Iska ya sa baki, sai ta wanke shi sau bakwai kamar yadda malamai suka koyar, ga ruwa kuwa da kuɗi muke saye. Wata rana ta ce mini, "Malam, ni da karen nan, gidan nan ya yi mana kaɗan."

Maimakon in yi tunani, sai na sayo igiya, na kafa turke, na ɗaure shi. Wannan shi ne babban kuskurena. Karen da ya saba da gudun kilomita da yawa kullum, ga shi yanzu duniyarsa ba ta wuce taki uku ba. Ya rage cin abinci. Igiya ta ci masa wuya har ya yi gyambo. Halinsa ya sake. Wanda a da yake tsayawa nesa ya yi haushi, yanzu ko ni na matso sai ya yi gurnani.

Ran da abin ya faru, ranar Laraba ce da azahar. An aiko wata ƴar maƙwabta, mai shekara shida, ta kawo mana tuwo. Da ta ga kare ya miƙe, sai ta tsorata, ta yar da kwano, ta ruga. Iska ya fizge, igiya ta tsinke, ya cim mata a zaure, ya cije ta a ƙafa.

Allah ya sa ina gida. Na ɗauke ta, na yi ta wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti goma sha biyar, sa'an nan muka kai ta likita ni da ubanta. Ciwon bai yi zurfi ba. Na nuna takardar allurar rigakafin da aka yi wa Iska, amma duk da haka aka fara yi wa yarinyar tata allurar. Likitan dabbobi kuma ya sa wa karen ido har sati biyu, don a tabbata ba shi da hauka. Ba shi da shi. Yarinya ta warke. Amma cikin sati biyun nan ban yi barcin kirki ba, kuma ban iya haɗa ido da ubanta ba.

Samarin unguwa suka ce a kashe kare. Sai wani dattijo, wanda kowa ke jin maganarsa, ya kira ni zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, kai ne mai koya wa yara. In ka kulle yaro a aji tun safe har dare, kullum, ba fita, ba wasa, me zai zama?"

Na ce, "Zai lalace, Baba."

Ya ce, "To, laifin yaron ne ko na wanda ya kulle shi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Mai da dabbar nan inda ka ɗauko ta. Kai ka huta, mu mu huta, ita ma ta huta."

Komawa arewa

Da aka yi babban hutu, na sami motar fataken dabbobi mai komawa arewa ba kaya. Muka hau baya ni da Iska, muka bi ta Madawa da Tawa har Abalak. Daga nan muka taka da ƙafa. Damina ta sauka, ciyawa ta yi kore shar. Tun daga nesa Iska ya fara ɗaga hanci yana rawar jiki. Na kwance masa igiya. Ya tsaya ɗan lokaci kamar bai yarda ba. Sai ya cilla. Ban taɓa ganin gudu irin na ranar nan ba. Ya yi nisa har ya koma kamar ɗigon tawada, ya zagayo, ya wuce ni, ya sake zagayowa.

Mutumin da ya ba ni shi yana zaune a ƙofar tantinsa. Ya ga gyambon wuyan kare, ya dube ni, bai ce kome ba. Ya hura wuta, ya dafa mini shayi. Shirun nan nasa ya fi mini faɗa ciwo.

Na kwana biyu a zangon. Ran da zan tafi, Iska ya raka ni har bakin hanya. Da na shiga mota, ya bi mu da gudu na ɗan lokaci. Daga nan ya tsaya, ya juya, ya koma wajen awaki. Na ji zafin rabuwa ƙwarai, amma na san na yi daidai, ko da yake na makara.

Abin da za ka tambayi kanka

A duniya akwai irin karnuka sama da 300. Ba haka kawai suka bambanta ba. Mutanen kowace ƙasa sun daɗe suna zaɓen karnukan da suka dace da aikinsu, suna barinsu su hayayyafa. Shi ya sa akwai na farauta, da na kiwon tumaki, da na gadi, da masu jan kaya a kan ƙanƙara a ƙasashen sanyi kamar Sibiriya. Abin da aka yi kare dominsa yana cikin jininsa. Igiya ba ta fitar da shi, duka ma ba ya fitar da shi. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai karen Azawak Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin karnukanta. Amma ko a can, wanda ya ajiye shi sai ya nema masa filin gudu.

Don haka, kafin ka kawo kare gida, yi wa kanka tambayoyi shida.

Ta farko: wane aiki zai yi? Malamanmu sun ce ana ajiye kare don tsaron dabbobi, ko gona, ko farauta, wasu kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai bukata. In ba ka da aikin da za ka ba shi, shi zai nemo wa kansa, kamar yadda Iska ya samo kajin tsohuwa.

Ta biyu: ina filin? Auna tsakar gidanku da taki. Dubi tsayin katanga ko darni. Kare mai dogayen ƙafafu yana son daji. Gidan haya mai iyali huɗu ko biyar ba wurin kare ba ne, ko wane iri ne.

Ta uku: me zai ci? Ka ga karen Jamus, irin wanda ƴan sanda da sojoji ke aiki da shi a ƙasashe da yawa? Namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da basira, yana jin horo, amma ƙanzo da sauran tuwo ba su riƙe shi. Gidan da ake auna hatsi da tiya don ya kai ƙarshen wata, ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Barin dabba da yunwa kuwa zalunci ne.

Ta huɗu: zai jure wa zafinmu? Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mu. In zafi ya dame shi, sai ya fitar da harshe yana haki, ta nan yake shan iska. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Kare mai gashi biyu, na sama da na ƙasa, kamar na Jamus, yana shan wuya a lokacin, kaska kuma tana samun maɓoya a jikinsa. Ƙananan karnukan nan na Turai masu gajeren hanci su ma numfashi yakan yi musu wuya cikin zafi. Kare mai gajeren gashi shi ya fi dacewa da mu.

Ta biyar: wa zai kula da shi? Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Kai da kake aji huɗu ko biyar yanzu, lissafa ka gani: kana iya gama lakwal, ka tafi wani gari karatu ko aiki, karen yana nan da ransa. Wa zai ba shi ruwa da abinci kullum? Wa zai cire masa kaska? Wa zai kai shi allura?

Ta shida: mutanen gida da maƙwabta sun yarda? Tambayi babanka da innarka. Dubi ko akwai jarirai masu rarrafe, ko tsofaffi masu son barci, ko maƙwabta masu kaji. Ni wannan tambaya ce ban yi ba, ita ce kuwa ta fi tsada.

In ka amsa tambayoyin nan da gaskiya, wani lokaci za ka ga gidanku ba ya bukatar kare sam. Wannan ba abin kunya ba ne. Akwai kyanwa, akwai tantabaru, akwai zomaye.

Yadda na zaɓi Duna

Shekara uku na yi ba ni da kare. Daga baya muka koma wani gida a bakin gari. Gidan yana da fili, ga ƴar garka ta zogale da yakuwa, ga tumaki huɗu da matata ke kiwo. Wani dare aka shigo aka kwance mana tunkiya guda. Da safe matata da kanta ta ce, "Malam, yanzu kam muna bukatar kare."

Wannan karo ban yi gaggawa ba. Na fara zuwa wajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu niyyata. Suka ce ba laifi, su ma zai amfane su. Sa'an nan na nemi karen gida, irin namu na ƙauye, wanda kuke gani kullum: matsakaici, mai gajeren gashi, mai lanƙwasasshiyar wutsiya. Ba wanda ke tsayawa kallonsa a hanya. Amma ya saba da zafinmu, ya saba da abincinmu, ya saba da zama cikin mutane da dabbobi.

Na ji labarin wani manomi da karyarsa ta haihu. Da na je, uwar na fara dubawa, don ɗa yakan ɗauko halin uwa. Ta yi mini haushi, amma da mai ita ya yi magana sai ta yi shiru. Kaji suna kiwo a gabanta, ba ta kula su ba. Na ce, to, madalla.

Ƴaƴanta biyar ne. Ban ɗauka ran nan ba, don ba su yi ko wata guda ba. Ɗan kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya yi wajen sati biyu, kuma bai kamata a raba shi da uwarsa ba sai ya cika wata biyu. A wajenta yake shan nono, a wajen ƴan'uwansa kuma yake koyon wasa ba da cizo mai zafi ba. Da lokaci ya yi na koma, na zauna a ƙasa ina kallonsu. Ɗaya ya taso mini da faɗa, yana ture sauran. Ɗaya ya ɓuya a bayan rumbu, ya ƙi fitowa. Na bar su duka biyu. Akwai wani baƙi wuluk da ya zo a hankali, ya shinshina hannuna, ya zauna. Na duba idonsa, garau. Hancinsa ba majina. Cikinsa bai kumbura ba. Fatarsa ba ƙuraje. Shi na ɗauka, ko da yake a cikin biyar ɗin nan shi ne ƙarshe wajen kyau. Muka sa masa suna Duna.

Yau shekararsa biyar a gidanmu. Yana da kaskonsa na abinci da na ruwa, ba ya kusantar kwanonin mutane. Yana da inuwarsa kusa da turken tumaki, ba ya shiga ɗaki. Da marece nakan fita da shi bayan gari, ni da ƴaƴana. Bai san igiya ba sai ran da za mu wajen likitan dabbobi. Tun zuwansa ba a sake taɓa mana ko ɗan rago ba.

Allura wajibi ce

Kowane irin kare ka zaɓa, akwai abu guda da ba a wasa da shi, wato ciwon haukan kare. Ƙwayar ciwon tana cikin miyau, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko in kare ya lashi ciwo. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma cikin kowane goma, huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamunsa suka riga suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma ana iya tare shi tun da wuri. A 1885 wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, ya yi wa wani yaro mai shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Tun 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don tunatar da mutane wannan ciwo.

To, ku riƙe waɗannan. Da ɗan kwikwiyo ya cika wata uku, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa a lokacin da likita ya faɗa, a kuma adana takardar. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ran nan, kada a jira gobe. Kada ka ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye. In kare ya taso maka, kada ka ruga. Tsaya cik, kada ka zura masa ido, sa'an nan ka ja da baya a hankali. Kada ka taɓa kare yana cin abinci, ko karya tana shayarwa. Kada kuma ku riƙa jifar karnuka a hanya. Kun ji malamai suna ba da labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Dabba ma tana da hakki a kanmu.

Bayan kwana uku, ɗalibin nan nawa ya sake tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, na auna tsakar gidanmu, taki bakwai ce, kuma iyali uku ne a ciki. Baba ya ce ba wuri. Amma kakana yana da tumaki a ƙauye, ya ce yana so. In ɗan kwikwiyon ya cika wata biyu za mu kai masa. Zan riƙa ganinsa lokacin hutu."

Na ce, "Jan za ka ɗauka?"

Ya ce, "Sai na ga halin uwarsa tukuna."

Tambayoyi

1. Me ya sa karen Azawak yake da siririn jiki da dogayen ƙafafu?
2. Me makiyayin ya tambayi Malam ran da suka yi ban kwana? Don me ya yi wannan tambaya?
3. Da Iska ya ciji yarinya, laifin wane ne? Faɗi dalilinka.
4. Kawo tambayoyi shida da mutum zai yi wa kansa kafin ya ɗauki kare.
5. Me za ka yi in kare ya ciji ƙanenka?

Aiki

Auna tsakar gidanku da taki, tsaye da kwance. Rubuta layi goma ka faɗi dabbar da ta dace da gidanku, da dalilin da ya sa ka zaɓe ta.